Yadda Ake Sauƙaƙa Ciniki A Kantin Intanet Na Kayan Sawar Mafarauta

Na ga matasa da dama a nan Kaduna sun buɗe kantin intanet na sayar da kayan sawar mafarauta, wato riguna masu kauri da yawan aljihu, da wanduna, da takalma masu rufe idon sawu, da huluna da jakunkunan fata, kuma kusan dukkansu a wuri ɗaya suke tuntuɓe. Sukan tsara shafin a kan kwamfuta, a cikin shago inda sabis yake da ƙarfi, su ga ya yi musu kyau, su manta cewa mai sayen yana Giwa ko Kubau ko wani ƙauye a bayan Saminaka, da ƙaramar waya a hannu da datar da ba ta wuce ta kwana ɗaya ba. Ba zan tsaya a kan yadda ake buɗe shafin ba, domin na ɗauka ka riga ka buɗe. Maganar da ke gabanmu ita ce yadda mutum zai shiga, ya gane, ya zaɓa, ya biya, ba tare da ya gaji ya fita ba.

Abu na farko shi ne ka nemo waya mafi araha, Itel ko tsohuwar Tecno, ka mayar da ita kan 3G, ka miƙa wa maharbi na gaske, ka ce ya saya wa kansa riga, sannan ka yi shiru. Shirun nan shi ne mai wuya. Na yi haka da wani dattijo da na haɗu da shi a tashar Kawo, na zuba ido ina kallon babban yatsansa mai kanta yana danna maɓallai biyu lokaci guda, har sau uku yana son ganin farashi shafin yana mayar da shi baya. Daga ƙarshe ya miƙo mini wayar ya ce, "Yaro, wannan kasuwar taku ba ta masu manyan hannu ba ce." A ranar na faɗaɗa kowane maɓalli. Shawarar da Google ke ba masu gina manhajar Android ita ce kada wurin dannawa ya gaza dp 48 (dp ma'aunin girma ne a fuskar waya) a tsaye da kwance, kuma ni ban yarda a sauka ƙasa da haka ba, ko da shafin zai rage kyau.

Daga nan sai hotuna. Ka rage nauyin kowanne kafin ka ɗora shi, ka mayar da shi tsarin WebP, wato nau'in hoto mara nauyi, idan shafinka yana karɓa, kuma a wurina hoton da ya wuce kilobayit 200 ya yi nauyi. PageSpeed Insights, wato shafin Google na gwada saurin shafuka, kyauta ne, zai nuna maka hotunan da ke jan ƙafar shafin. Bidiyo mai kunna kansa ka cire shi gaba ɗaya, domin cinye datar mutane yake yi. Kada kuma ka kwaso hoton Bature yana tsaye cikin ƙanƙara daga kantunan Amurka. Ka sa wa mutum rigar, ka ɗauke shi a waje da hantsi, ka nuna gaba da baya, ka matso da kyamara kan ɗinki da bakin aljihu da ƙasan takalmi. Maharbi yana son ya san ko ƙarangiya tana kama yadin, ko ƙaya tana huda shi, ko yana ƙara idan mutum yana sanɗa, saboda haka waɗannan su ne za ka rubuta a ƙarƙashin hoton, da Hausa, cikin layi uku ko huɗu. A nan ne kuma zan ja kunnenka game da yadi mai zanen kakin soja. Rundunar sojan Najeriya ta sha gargaɗin farar hula a kan sa shi, kuma wanda ya saya a wurinka shi zai gamu da matsala a shingen bincike. Ka tsaya a kan ruwan ƙasa da kore mai duhu da toka-toka, marasa zane.

Rabon kaya kuma kada ya wuce gida biyar, da sunayen da masu sayen suke kira: riguna, wanduna, takalma, huluna, jakunkuna. Tun da akasarin farauta da rani ake fita, bayan an kawar da amfanin gona, kayan sanyin hunturu su hau sama daga watan Nuwamba, marasa nauyi su maye gurbinsu idan bazara ta kama.

Yanzu sai awo, wanda shi ne ya kusa rufe mini kanti. Shekarar da na fara, na sari jaket daga wurin dillalai biyu, na rubuta M da L da XL a shafi kamar yadda na gani a wuyan rigunan. Ban lura ba cewa XL ɗin da aka ɗinka don kasuwar Sin yakan fi na gwanjon Turai ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wata ƙungiyar maharba daga ɓangaren Birnin Gwari ta yi odar guda goma sha biyu, na kai tasha, bayan kwana huɗu guda takwas suka dawo a cikin buhu. Na biya kuɗin mota zuwa da dawowa da sake aikawa, ribar watan ta tafi, kuma abin da ya fi ciwo shi ne shugabansu bai sake kirana ba. Da na zauna na bincika, sai na ga kuskuren biyu ne. Haruffan ba su da ma'ana ɗaya, sannan maharbi ba ya sa riga a kan fata kai tsaye. Akwai wata rigar a ciki, da yawa kuma suna ɗaure da guraye da layu a ƙugu da damtse, ga igiyar jaka ta ratsa ƙirji, kuma dole hannu ya ɗagu sosai idan za a ja baka ko a saita bindiga. Rigar da ta yi wa mutum daidai a zaune sai ta matse shi a dawa.

Gyaran shi ne ka watsar da haruffan nan, ka koma yadda telolin Kasuwar Barci suke yi. Ka sayi tef na awo, ka shimfiɗa kowace riga a kan tebur, ka auna ta da hannunka da inci: kafaɗa, ƙirji daga hammata zuwa hammata, tsawon hannu, da tsawon riga. Wando kuma ƙugu da cinya da tsawo. Kada ka yarda da awon da dillali ya turo maka, ko da ya rantse. Lambobin nan ka sa su a jikin kowace riga, kusa da farashi, ba a wani shafi dabam da sai an nema ba. Sannan ka ɗora hoto guda na riga a shimfiɗe da tef a kanta, da rubutu cewa mai saye ya ɗauko rigar da ta fi yi masa daɗi a dawa ya auna ta haka, ko ya kai wa telan garinsu ya auna masa. Ni nakan ƙara da cewa wanda yake tsakanin awo biyu ya ɗauki babban, kuma ban taɓa nadamar wannan ba. Takalmi lambar Turai ce aka saba da ita a nan, 40 zuwa 46, ita kaɗai za ka rubuta, tare da tunatarwa cewa mai sa safa mai kauri ya ƙara lamba ɗaya. Tun da ba kowa ke son karatu a waya ba, ka naɗi bayanin awon da muryarka na minti ɗaya, ka ajiye shi don turawa ta WhatsApp. Aikin auna kaya yana cin yini guda duk lokacin da sabon buhu ya iso, amma bai kai kuɗin mota sau uku ba.

Wajen biya, kada ka tilasta wa kowa rajista. Imel da kalmar sirri suna korar mutane. Suna, lambar waya, gari, da tashar da za a karɓi kaya sun isa. Kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack ko Flutterwave suna da amfani ga masu katin banki, ko da yake suna cire nasu kaso a kowane ciniki, amma yawancin masu sayenka tura kuɗi za su yi, don haka lambar asusu ta fito da manyan lambobi. Da yawa kuma wurin mai POS suke zuwa, sai sunan da ya shigo maka ya zama ba na mai odar ba. Maganinsa shi ne kowace oda ta sami gajeriyar lamba, mai saye ya turo ta tare da hoton rasit. Kuɗin aike ya bayyana tun kafin a zo biya, gari da gari, domin wanda ya gan shi a ƙarshe yakan ɗauka an yi masa wayo.

Sauran ba su da wuya. Maɓallin WhatsApp ya kasance a kowane shafi, kuma a riƙa amsawa. Sharaɗin mayar da kaya ya zama jimla biyu: kwana nawa, kuma wa zai biya mota. Ka buɗe wuri na odar ƙungiya inda shugaba zai rubuta awon mutum ashirin a takarda ya ɗauki hotonta ya turo. Da zarar ka damƙa kaya a tashar Kawo ko ta Mando, ka tura wa mai saye lambar direba da lambar mota, ka kuma rubuta lambar odar da alƙalamin maka a jikin buhun.