Yadda ɗalibin Maraɗi zai shiga karatun zane mai motsi da manhajar hoton kwamfuta

Duk shekara idan sakamakon BAC ya fito, ba a rasa yaro ko yarinya a Maraɗi da gefen littattafansu ya cika da zane, kuma abin da ransu ke so shi ne su koyi yadda ake yin katun da wasannin bidiyo. Ƙanena, ƙanwata, da ku nake. Karatun nan akwai shi, har digiri ake bayarwa a kansa. Sai dai hanyarsa daga nan ba miƙaƙƙiya ba ce, wanda ya shige ta ido rufe zai iya cinye shekara uku yana koyon abin da ba shi ya je nema ba.

Mataki na farko: ka san wanne kake so cikin biyun

Sana'o'i biyu ne ake haɗawa a baki ɗaya. Akwai mai motsa zane, shi ke sa mutumin da aka zana ya yi tafiya, ya fusata, ya ɗaga buhun gero har mai kallo ya ji nauyin a kafaɗarsa. Akwai kuma mai rubuta manhajar hoto, shi ke tsara wa kwamfuta yadda za ta lissafa haske da inuwa da launi. Allo mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da ɗigo 2,073,600, kuma wasan bidiyo mai tafiya sumul yana sake zana su duka sau 60 a daƙiƙa guda. Wani ne ya zauna ya rubuta umarnin da ke sa hakan ya yiwu.

Ka ba kanka mako biyu. A makon farko ka sa ƙwallo ta faɗo ta yi tsalle har ta tsaya, cikin Blender, manhajar gina siffofi da motsa su a kwamfuta. A na biyu ka rubuta ƴan layuka da Python, harshen ba kwamfuta umarni, waɗanda za su zana alwatika su juya ta. Wanda ya mantar da kai tuwon dare cikin biyun, shi ne naka.

Mataki na biyu: ka gyara tsakaninka da lissafi

A nan ne da yawa ke zamewa. Duk siffar da ka gani a wasan bidiyo, mutum ne ko raƙumi, an ɗinka ta ne da dubban alwatika. Kowace kusurwa lambobi uku ce. Idan za a juya raƙumin ko a matsar da shi, ana ninka lambobin nan da wani jadawali mai layi huɗu da ginshiƙi huɗu, wanda malaman lissafi ke kira matiris. Haske a kan fuska kuma lissafin kusurwa ne tsakanin inda hasken ya fito da inda fatar ke fuskanta. Don haka bektoci da sinus da kosinus ɗin da ɗan seri C ko D ke haddacewa don jarrabawa, su ne fartanyarsa a wannan gona. Kada ka yar da littattafan taminal.

Ɗan seri A kuma kada ya karaya, ƙofar motsa zane a buɗe take gare shi. Nasa lissafin na lokaci ne. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, masu zanen hannu sukan yi zane 12 su nuna kowanne sau biyu. Minti ɗaya kacal zane 720 ke nan. Abin da ake nema a wurinsa ido ne da haƙuri.

Mataki na uku: ka fara tun ba a kira sunanka ba

Blender kyauta ce tun 2002, kuma da ita ake fitar da finafinai na gaske. Krita ta zanen hannu kyauta ce, Godot ta haɗa wasanni ma haka. Babu dalilin cika kwamfuta da manhajar sata mai ɗauke da ƙwayar cuta. Kwamfuta ta hannu mai RAM giga 8 ta isa farawa, idan da hali a nemi mai 16 da katin hoto na daban.

Yanayinmu yana da nasa darasin. Zafin Afrilu da Mayu yana sa na'ura ta rage gudu don kada ta ƙone, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankarta. Ka ɗaga ta daga kan katifa, ka riƙa share ta, aiki mai nauyi ka bar shi sai dare. Ga wadda nake so ka riƙe da kyau: idan za ka fitar da fim, kada ka ce kwamfuta ta ba ka bidiyo guda dunƙule. Ka sa ta ajiye hotunan ɗaya bayan ɗaya. In wuta ta ɗauke a hoto na 400, daga na 401 za ka ci gaba.

Mataki na huɗu: ka zaɓi makaranta da jerin darussanta

Sunan sashe ba ya gaya maka komai. Ka nemi jadawalin darussan shekara ukun lisans ka karanta. Mai son manhajar hoto ya duba ko akwai aljabra, da harshen rubuta manhaja C ko C++, da tsarin adana bayanai, da darasin da ake rubutawa infographie, wato ilimin hoton kwamfuta, inda ake taɓa OpenGL, kayan aikin da manhaja ke zana hoto da shi. Mai son motsa zane ya duba ko ana zana mutum da dabba daga kallo, ko ana koyar da tsara labari hoto-hoto, da haɗa sauti.

A gida muna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wadda aka kafa a 2010, tana da tsangayar kimiyya da fasaha. A Yamai akwai Jami'ar Abdou Moumouni, da EMIG ta injiniyoyi, da IAI ta ilimin kwamfuta, da ESSCOM, wadda a da ake kira IFTIC, ta aikin jarida da na hoto da sauti. A Wagadugu, garin bikin finafinan Afirka na FESPACO, akwai ISIS ta koyon fim. Kudu da mu kuma, Jami'ar Bayero ta Kano na koyar da kimiyyar kwamfuta, ta Ahmadu Bello a Zariya ta daɗe da suna a fannin zane, amma can da Turancin Ingilishi ake karatu. Gobelins ta Paris da Sheridan ta Kanada da DigiPen ta Amurka su ne manyan gidajen sana'ar, sai dai shigarsu da wuya, kuɗinsu da nauyi.

Ra'ayina, wanda ba ɗan mai hali ba ya yi lisans na lissafi ko na kwamfuta a nan kusa, yana gina hannunsa da Blender a gefe, ya bar neman waje sai masta. In makarantar kuɗi ce, ka tambaya ko gwamnati ta amince da ita, ko CAMES, hukumar da ke tantance digirori a ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta san digirinta. Ka roƙa a nuna maka ɗakin kwamfutoci, ka ƙirga masu aiki da idonka, sannan ka ce a nuna maka abin da ƴan shekarar ƙarshe suka yi.

Mataki na biyar: ka tara kundin aikinka

Makarantun zane suna duba aikin hannu kafin maki. Minti ɗaya mai kyau ya fi goma na jeka-na-yi-ka. Kada ka kwaikwayi jaruman katun ɗin Japan, masu tantancewa sun ga dubunsu. Ka je filin kokawa da wayarka, ka ɗauki yadda ɗan kokawa ke dasa ƙafa kafin ya ɗaga abokin karawarsa, ka dawo ka duba hoto-hoto. Ka zana mace tana daka, ka lura da yadda taɓarya ke ɗan tsayawa a sama kafin ta sauko. Mai manhaja kuma ya ɗora ayyukansa a GitHub, shafin intanet da masu manhaja ke ajiye aikinsu, ko da akwati ne mai juyawa da haske a kansa, ya rubuta bayanin yadda ya yi.

Ba baƙon abu kake nema ba. Moustapha Alassane, ɗan ƙasar nan wanda ya zauna a Tawa, yana cikin waɗanda suka fara zane mai motsi a Afirka. Ya je Kanada ya koya a wurin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi, a 1966 ya fitar da ɗan fim ɗinsa na kwaɗi masu shugaban ƙasa. Ya rasu a 2015.

Mataki na shida: takardu, kuɗi da iyaye

Ka haɗa dosiye da wuri: takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, sakamakon BAC, da kwafin da hukuma ta buga wa hatimi. Ka bi sanarwar ANAB, hukumar ba ɗalibai tallafin karatu, domin wa'adinta ba ya jiran kowa.

Sai zama da mahaifi. In ka ce masa katun za ka karanta, wasan yara zai ji. Ka bari ya huta bayan isha'i, ka durƙusa ka ce: "Baba, ilimin kwamfuta nake so in karanta, ɓangaren da ke zana gini kafin a sa tubali." Gaskiya ce ka faɗa, domin masu zanen gine-gine da masu talla da masu wayar da kan manoma duk suna neman wannan hannu. Kafin ranar, ka auna ɗakunan gidanku da zaure, ka gina su a Blender, ka miƙa masa wayar ya zagaya cikin gidansa da yatsa.