Darasi na Bakwai: Ɗaure Notin Layin Mai

A darasin da ya wuce mun bi hanyar da mai yake bi a cikin mota: daga tanki zuwa famfo, daga famfo zuwa filta, daga nan zuwa kabureta ko injekta, wato na'urorin da ke ba injin mai. Yau za mu tsaya a mahaɗar wannan hanya, wato wuraren da bututu ya haɗu da bututu aka ɗaure su da noti. A nan ne mai yake samun kafar fita, kuma idan ya fita ya ɗiga a kan injin da ya ɗauki zafi, gobara ba ta sallama.

Kafin mu shiga, kowa ya karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ya rubuta su sau uku a littafinsa: noti, zare, washa, sufana, awo. Zare shi ne layin da ya nannaɗe jikin noti, wanda yake sa shi shiga idan an murza. Washa ita ce ƙaramin zoben da ake sawa a ƙarƙashin kan noti. A gareji ana bambanta bol, wato mai doguwar ƙafa, da noti mai rami a tsakiya, amma a baki duk noti muke ce musu, kuma haka za mu yi a nan.

Abin da ke tsare mai

A motoci da yawa masu injekta, irin su Honda Accord da Toyota Corolla na shekarun 1990 da suka cika titunanmu daga Kwatano, akwai wani noti na daban a saman filtar mai. Idan ka kwance shi ka ɗaga shi sama ka leƙa, za ka ga cikinsa rami ne kamar sarewa, ga kuma ƙaramar huda a gefensa. Ta cikin notin nan mai yake wucewa. Yana ratsa wani zoben ƙarfe da ke bakin bututu. Turawa suna kiran wannan haɗi banjo, domin zoben da bututunsa sun yi kama da wani abin kiɗa nasu mai siffar gurmi.

Washa biyu ake sa masa, ɗaya a saman zoben, ɗaya a ƙasa. Yawanci na jan ƙarfe ne, wasu na alminiyam. An zaɓi jan ƙarfe ne saboda taushinsa. Idan aka ɗaure noti, washar tana lotsewa kaɗan, ta cike duk wani ɗan kurji da ke fuskar ƙarfen, sai mai ya rasa hanya. To, washa ce mai gadin ƙofa. Aikin noti kawai ya danne ta daidai gwargwado.

Jan ƙarfe yana da wani hali da ya kamata ku sani. Da zarar an matse shi sau ɗaya, sai ya taurare. Tsohuwar washa ba ta sake lotsewa kamar sabuwa. Shi ya sa mutum zai mayar da ita, ya ɗaure, ya ga mai yana naso, ya ƙara ɗaurewa, ya ga bai daina ba, sai ya ɗauko guntun fayif ya zura a jikin sufana.

Ni na taɓa yi. Ina da shekara 17 ina koyon aiki, aka kawo wata Accord a sauya mata filta. Maigidana yana ƙarƙashin wata motar, ya ce in yi. Na mayar da tsofaffin washoshin, na tayar da mota, na ga danshi yana zagaye notin. Na ƙara. Bai tsaya ba. Na sa fayif na ja, sai na ji sufanar ta yi sakwaf a hannuna, kan notin ya faɗo ƙasa. Maigida ya fito, ya tsinci guntun, ya goge shi da rigarsa, ya miƙo mini.

"Kai yaro, leƙa nan. Me ka gani?"

Na ce, "Rami, Maigida."

Ya ce, "To abin da cikinsa rami ne, ka ɗaure shi kamar notin taya? Ina sabbin washoshin da suka zo cikin kwalin?"

Suna nan a cikin kwali, a ƙulle a leda, ban ko duba ba. Mai motar malamin makaranta ne da zai kai mahaifiyarsa asibiti washegari. Sai da aka yi yini guda ana neman irin notin a kasuwar kayan gyara. Har yau ina tuna yadda ya zauna a kan benci bai ce da ni uffan ba, kuma wannan shirun ya fi mini faɗa zafi.

Kowane noti da awonsa

Kamfanin da ya ƙera mota ya rubuta ƙarfin da za a ɗaure kowane noti a littafin gyaranta. Ana rubuta awon da Newton-mita, a taƙaice Nm. Kada sunan ya tsorata ku, lissafin mai sauƙi ne. Idan sufana tana da tsawon mita 1, ka rataya nauyin kilo 1 a ƙarshenta, ka ba notin kusan Nm 10.

Notin banjo na filta a irin waɗancan Toyota yana neman wajen Nm 30. Sufanar da ke hannunka tsawonta kamar santimita 20 ne. Kafin ka kai 30 da ita, za ka ja da ƙarfin da ake ɗaga bokitin ruwa mai lita 15. Shi ke nan. Amma idan ka zura fayif tsawon ya koma santimita 60, wannan jan da ka yi ya ninka sau uku, ya zama 90. Notin tayar Corolla kansa 103 yake nema, kuma shi bol ɗin da yake hawa cikinsa a cike yake. Kun ga abin da ya karya nawa.

Ƙananan notocin da sufana lamba 10 take kamawa, kamar masu riƙe layin injekta ko maƙalar filta, ba su wuce wajen Nm 10 ba idan an bi awon da aka saba, wasu ma ƙasa da haka, musamman inda suke shiga cikin alminiyam. Yatsu uku a kan sufana sun ishe su. Alminiyam yana da laushi, kuma idan zarensa ya cinye, aiki ya koma na mai walda ko mai yanka sabon zare. Ku lura kuma, lambar sufana ba ita ce girman noti ba. Noti mai kaurin milimita 8 a motar Japan lamba 12 ke kama shi, amma a Golf ko Peugeot lamba 13 ce. Wanda ya sa 13 a kan 12 zai shafe kusurwar notin, ya mai da shi kamar ƙwallo.

Akwai sufana mai awo. A gindinta akwai lambobi. Kana murza gindin har ya kai lambar da littafi ya faɗa, ka ɗora a kan noti, ka ja a hankali ba tare da fizga ba. Da ta kai awon za ka ji ta yi ƙas. Tsaya nan. Kada ka ce bari in ƙara kaɗan don zuciyata ta kwanta. In ka gama aiki, mayar da lambar ƙasa kafin ka ajiye ta, don kada ƙarfen cikinta ya gaji, kuma kada ka kwance noti da ita. Tana da tsada, gaskiya ne. Amma a ganina gareji uku za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, kuma ta fi sabuwar waya amfani ga bakanike. Idan motar da aka kawo maka ba ka san awonta ba, nemi littafinta, ko ka sa wanda ya iya ya duba maka a intanet da sunan motar da shekararta. Wasu littattafan Amurka suna rubuta awon da ft-lb. Ninka lambar da 1.36, sai ta koma Nm.

Yadda za ka yi aikin

Motocin da, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, kabureta gare su, kuma famfonsu yana tura mai a hankali. A ma'aunin mai faci, wanda taya take nuna 30 ko 32, ƙarfinsa bai wuce 7 ba. Mota mai injekta kuwa tana kaiwa sama da 40, wato ta fi tayarka matsi, kuma matsin yana nan a cikin bututu ko bayan an kashe mota. Wanda ya saba da kabureta ya zo ya kwance layin injekta kai tsaye, fetur zai fesa masa a ido.

Saboda haka, bari injin ya huce tukuna. Cire fiyus ɗin famfon mai, ka tayar da mota ka bar ta har ta mutu da kanta. Buɗe murfin tanki iska ta fita. Cire kan batir na baƙar waya. Yi aikin a fili inda iska take kaɗawa, nesa da mai walda, da mai shayi, da mai shan taba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ne yana taruwa a rami, shi ya sa ramin gareji yake da haɗari. Ajiye tukunyar kashe gobara da bokitin yashi kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

Lulluɓe notin da tsumma, ka sassauta shi sannu a hankali. Da ka cire, goge fuskokin ƙarfen su yi tas, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin washa ta isa ta buɗe wa mai hanya, kuma lokacin hunturu ƙura ba ta jiran a gayyace ta. Sa sabbin washoshi. Fara murza notin da yatsunka, ba da sufana ba, har ya yi zagaye uku ko huɗu salin alin. Idan ya cije tun zagayen farko, ya hau zare a karkace ne. Fito da shi ka sake. Sai ya zauna da hannu sannan ka kawo sufana.

A ƙasan filta sau da yawa akwai wani haɗin daban, inda bakin bututun ƙarfe ya buɗe kamar bakin kakaki, noti kuma yana danna shi a mazauninsa. Wannan ba shi da washa, ƙarfe ne a kan ƙarfe. Sufana biyu yake so: ɗaya ta riƙe jikin filta, ɗaya ta juya noti. In ka yi da ɗaya, bututun zai murɗe. Akwai sufana mai zobe da aka tsaga bakinta don bututu ya shige, ita ta fi dacewa da shi domin tana rungumar notin sosai. Kada ka naɗa farin tef na masu gyaran famfon ruwa a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan haɗe-haɗe. Ba a zare suke tsare mai ba, kuma guntun tef yana iya tafiya ya toshe injekta.

Inda notoci suke da yawa a zagaye, kamar gindin kabureta ko murfin famfon da ke saman tanki, ba a gama ɗaya kafin a taɓa na gaba. Kama su duka da hannu, sannan ka bi su a gicciye, wannan da na daura da shi, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Wanda ya tamke gefe ɗaya zai lanƙwasa murfin, ya bar kafa a ɗaya gefen. Zoben robar injekta kuma a sa sabo, a shafa masa ɗigon baƙin mai mai tsabta don kada ya yage wajen shiga. Tiyon mai a ɗaure shi da kilif ɗinsa. Waya ko tsagin robar tib da ake naɗawa a bakin hanya na iya kai ka gari, amma ka cire shi ranar da ka isa.

In ka gama, mayar da fiyus da kan batir. Murɗa makulli fitilu su kawo ba tare da ka tayar ba. A motoci da yawa za ka ji famfo ya yi ƙugi na ɗan lokaci. Yi haka sau uku. Ɗauki farar takarda ka dangwala a kewayen kowane noti da ka taɓa. Sannan ka tayar da mota ka sake dubawa, ka kuma sa hanci. Idan takarda ta nuna danshi, kashe mota, sauke matsin kamar farko, ka kwance ka duba washa da fuskar ƙarfe. Kada ka bi shi da ƙarin ɗauri.

Gargaɗi a kan motar dizal

Sabbin injinan dizal, irin na Hilux mai rubutun D-4D, suna tura mai da ƙarfin da ya haura 20,000 a wancan ma'auni na mai faci. Siririn feshi daga irin wannan layi yana huda fata ya shiga cikin nama. Raunin yana iya zama ɗan ɗigo a ido, amma yana iya jawo a yanke yatsa, don haka wanda abin ya sama a kai shi asibiti nan take, a kuma gaya wa likita mai ne ya shige shi. Kada ka taɓa laluba yoyo da hannu a nan, kada kuma ka sassauta bututun injekta injin yana aiki kamar yadda ake yi wa tsofaffin manyan motoci don fitar da iska. Kamfanoni da dama sun ce idan an kwance waɗannan bututu a sa sababbi. Wanda bai koyi wannan injin a hannun gwani ba, ya bar shi.

Aikin gida

Je garejin da ke kusa da kai, ka yi sallama, ka roƙi maigidan ya ba ka tsohuwar washar jan ƙarfe da aka cire, ka sayi sabuwa irinta. Ɗora su a tafin hannunka ka duba da kyau. Rubuta jimla uku a kan bambancin da ka gani, ka zo da washoshin aji.

Sannan ka yi wannan lissafi. Littafi ya ce a ɗaure noti Nm 20, sufanarka kuma santimita 20 ce. Nauyin kilo nawa za ka ja? Idan aka zura fayif tsawon ya koma santimita 40, ka kuma ja da wannan ƙarfin, Nm nawa notin ya samu?