Kurakuran da aka fi yi a kan kiɗan "Bonaparte's Retreat" da yadda ake gyara su

A ƙauyukan tsaunukan Appalachia na Amurka akwai tsohon salon kiɗa da ake yi da gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Cikin kaɗe-kaɗen da makaɗan wurin suka gada kaka da kakanni har da "Bonaparte's Retreat". Sunan yana nuni ne ga Napoleon, sarkin Faransa, wanda yunwa da sanyi suka cinye rundunarsa a hanyar komowa daga Mosko a 1812.

Sunan nan shi ne yake fara ruɗa mutane, su ɗauka kiɗan Faransa ne. Tushensa na Ireland ne, inda talakawa da dama suka sa rai Napoleon zai karya Ingila, mai mulkinsu a lokacin, su sarara. Masani Samuel Bayard ya danganta shi da wani tsohon kiɗan can mai suna "The Eagle's Whistle". Kuma a kula, "Bonaparte Crossing the Rhine" wani kiɗa ne daban. Mai nema a intanet ya rubuta sunan cikakke, kada ya wayi gari yana koyon na maƙwabci.

Babban kuskuren kuwa na sauri ne, kuma yana da dalili. A 1937 Alan Lomax, mai tattara kaɗe-kaɗen gargajiya, ya je jihar Kentucky yana ɗaukar kaɗe-kaɗen gargajiya don Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, ya naɗi wani dattijo, William Hamilton Stepp. Shi Stepp ba ya bin yadda saura ke yi: ya ɗauki kiɗan da ake ja a hankali ya mayar da shi na rawa, da gudu kamar ana korarsa. Ruth Crawford Seeger ta rubuta abin da ya kaɗa da alamomin kiɗa, aka buga a littafi a 1941. Daga nan mai tsara kiɗa Aaron Copland ya kwashe shi kusan sukutum ya saka a sashen "Hoe-Down" na wasan rawarsa Rodeo a 1942. Duniya ta ji na Copland, sai ta ɗauka haka kiɗan yake tun fil azal. Alhali asalinsa kiɗan maci ne mai nauyi, irin takun sojan da ya gaji.

To mai koyo ya ajiye na Stepp tukuna. Ya fara sauraren Tommy Jarrell na North Carolina, ko Henry Reed na Virginia wanda Alan Jabbour ya naɗa a shekarun 1960, ya kama takun da ƙafarsa kafin ya taɓa goge. A ganina na Stepp ya fi kowanne armashi, amma gwanintar mutum ɗaya ce, kuma wanda ya fara da ita yatsunsa za su sarƙe, ya haɗiye rabin sautukan.

Sai ɗaurin tsirkiya. Da yawa sukan bar gogen a ɗaurin da aka saba, G-D-A-E (haruffan sunayen sautin tsirkiyoyin huɗu ne, daga mafi kauri zuwa siririya), su kaɗa komai daidai, sannan su yi ta mamakin yadda abin ya fito salam. Tsofaffin makaɗa a D-D-A-D suke yinsa. Ana sassauta tsirkiya mafi kauri daga G ta sauka zuwa D na ƙasa, siririyar ta sauka daga E zuwa D, biyun tsakiya a bar su yadda suke. Ta haka ake samun gunjin nan da ke bin kiɗan ta ƙasa ba yankewa, kamar algaitar da mai busa bai tsaya shan iska ba. Idan babu gunjin, rabin kiɗan ya tafi. Sai dai sakakkiyar tsirkiya ba ta son dannawa. Aka matsa mata bakan gogen da ƙarfi, sautinta ya karkace, don haka a sassauta hannu. Bayan an sauke biyun a sake duba na tsakiya, domin sukan motsa.

Akwai kuma masu neman baitocin "asali". Babu su, kiɗa ne zalla. Waƙar soyayyar da ake ji a kansa ta Pee Wee King ce, Kay Starr ta yi tashe da ita a 1950, Glen Campbell ya sake rerawa a 1974.

Hatta yawan sassan kiɗan ba a haɗu a kai ba. Wasu biyu suke yi, wasu su ƙara wani ɗan sashe da ake kira "Little Egypt", wanda daga baya aka liƙa shi, kuma masu riƙo da tsohon salo ba sa ƙaunarsa. Gardama a kan wanne ne daidai ɓata lokaci ce, tunda kiɗan ta kunne ya yaɗu, kowane yanki da nasa. In za a haɗu a kaɗa tare, a tambayi mai jan gaba sassa nawa yake yi, da sauri ko a hankali, sannan kowa ya ɗaure tsirkiyarsa.