Kalmar "presumptuous" da kurakuran da aka fi yi wajen amfani da ita

Daga cikin kalmomin Turanci da suke yawan ruɗa ɗalibai da masu fassara akwai "presumptuous", wadda ake siffanta mutumin da ya wuce gona da iri da ita, wato wanda ya tsoma baki ko ya yanke hukunci a inda ba huruminsa ba ne. Bahaushe zai ce mai shisshigi ko mai zaƙewa. Asalinta daga kalmar Latin "praesumere" ne, wadda take nufin ɗaukar abu tun kafin a miƙo maka shi, kamar baƙon da ya zauna a kan buzun mai gida ba tare da an ce masa bismilla ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne rikita ta da "presumptive", domin na taɓa gyara wata fassarar labari inda aka mayar da "presumptive nominee" ɗan takara mai girman kai, alhali a siyasar Amurka ana nufin wanda ya riga ya tara isassun wakilai, sai dai babban taron jam'iyya bai tabbatar da shi ba tukuna. Babu zargi ko kaɗan a cikin wannan kalma. Haka Sarauniya Elizabeth ta biyu ta Ingila ta kasance "heir presumptive", wato wadda ake sa ran za ta gaji sarauta, daga 1936 zuwa 1952, saboda da mahaifinta, Sarki George na shida, ya haifi ɗa namiji, da shi ne zai gaji sarautar. Gyaran shi ne mai rubutu ya tambayi kansa: ana kushe halin mutum ne, ko ana faɗin abin da ake sa ran zai tabbata?

Akwai kuma kuskuren rubutu, inda ake rubuta "presumptious". Babu harafin "i" a cikinta, ƙarshenta "tuous" ne.

Sai kuma "presume" da "assume", waɗanda mutane da yawa suke ɗauka ɗaya ne. Ana amfani da "presume" idan zaton yana da madogara, shi ya sa sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya yi amfani da ita wajen cewa duk wanda ake tuhuma da laifi za a ɗauke shi mara laifi har sai an tabbatar da laifinsa. "Assume" kuwa ta fi dacewa da zaton da aka yi ba tare da hujja ba, kamar wanda bai ga ko takalmi a ƙofar ɗaki ba, amma ya ce lallai mai gidan yana ciki.