Yadda ake zaɓar novel ɗin tsafi na cikin birni

Irin labaran nan nake nufi da aljanu da matsafa da masu shan jini ke yawo cikin gari na zamani, ga mota ga waya ga 'yan sanda, amma wani boka na haya a saman bene. To in za ka fara, dan Allah kar ka bi yawan taurari kawai. A Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke faɗin ra'ayinsu kan littattafai, tauraro daga 1 zuwa 5 ake ba littafi, ni kam masu tauraro 3 nake fara karantawa, su ne ke faɗin gaskiya, masu 5 yawanci sun riga sun mace kan jarumin ne, masu 1 kuma haushi ne kawai.

Sai ka duba garin. Jerin Dresden Files na Jim Butcher a Chicago yake, ya fara a 2000, kuma masoyansa da yawa za su ce maka ka daure har littafi na 3 kafin ya kankama. Rivers of London na Ben Aaronovitch, 2011, ɗan sanda ne ke koyon tsafi a Landan, akwai barkwanci sosai. In kana son na kusa da gida ga Akata Witch na Nnedi Okorafor, a Aba labarin yake.

Wani abu kuma, tambayi wanda ya ba ka shawara ko soyayya ta fi yawa a ciki, don wasu an lulluɓe su da aljanu ne kawai amma soyayya ce zalla. Kuma littafi na farko kaɗai za ka saya tukuna, karanta babi 2 ka gani.