Yadda malami zai yi aiki da waya ɗaya a aji yara su gane darasi

'Yan uwa malamai na Katsina da Daura, maganar amfani da fasaha a aji ba sai mun jira an kawo mana kwamfuta ɗaki guda ba, wayar nan da ke aljihunka ta isa ka fara in ka haɗa ta da 'yar sifika mai bulutut da pawa banki, tunda kowa ya san halin wuta. Amma fa in ka kunna bidiyo ka koma gefe ka zauna, yara kallo kawai suka yi, gobe ka tambaye su ba abin da ya zauna.

Fara da zaɓen darasin da alli da allo suka gaza nuna shi, kamar zagayen jini a jiki ko husufin wata ko yadda lantarki ke tafiya daga batir zuwa ƙwan fitila. Abin da za ka iya kawowa aji a hannu, ganye ne ko ƙasa ko maganaɗisu, kawo shi kawai, ya fi hoto. Ka sauke kayanka tun a gida da dare, kar ka dogara da netwok ɗin makaranta, in abokin aikinka na da su ku tura ta Xender ba sai kun ƙona data ba. Akwai PhET na Jami'ar Colorado da ke Amurka, gwaje-gwajen kimiyya da lissafi ne kyauta kuma suna aiki ba intanet in ka sauke su, akwai kuma Nigeria Learning Passport, dandalin darussa na intanet da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022. Kafin ka shiga aji sa wayar a yanayin jirgi, kar ana tsakiyar darasi kira ya shigo.

To ga inda aikin yake. Mu ce ka buɗe gwajin lantarki na PhET a wayar, batir ɗaya ƙwai ɗaya ya kama. Kar ka ci gaba. Tambaye su, in na ƙara ƙwai na biyu a kan layi ɗaya da na farko, haske zai ƙaru ko zai ragu ko yana nan yadda yake? Kowa ya rubuta amsarshi a littafi tukuna sannan a ɗaga hannu, ka ƙirga ka rubuta a allo, ka bar su su ɗan yi gardama da na kusa da su, za ka ji wani na cewa ai ƙwai biyu sun fi ɗaya haske malam. Sai ka kira yaro ɗaya ya ƙara ƙwan da yatsanshi, duka biyun su dusashe a gabansu. Wanda ya ce zai ƙaru shi ne zai fara tambayar mi ya sa, kuma a nan ne bayaninka zai samu wurin zama, don yanzu shi ke neman amsar. Aji mai yara 70 ko 80 ba za su ga fuskar waya lokaci ɗaya ba, sai ka riƙa kiransu layi-layi, sauran suna zana abin da suke zaton zai faru.

Bidiyo kar ya wuce minti 3 ko 4, in Turancin ciki ya yi masu sauri kashe sautin ka yi bayanin da bakinka da Hausa, sannan ka ba su kalmomin Turancin da za su gani a jarabawa.

Abin da na fi so kuma shi ne yara su yi nasu aikin da wayar. A darasin tarihi ka raba su rukuni-rukuni, 'yan Daura su je su tambayi kakanninsu labarin rijiyar Kusugu, 'yan Katsina su tambayi na hasumiyar Gobarau ko sunayen ƙofofi irin su Ƙofar Marusa da Ƙofar Ƙaura, su naɗo muryar a wayar wani babba a gida, a saurara a aji a ga inda labaran suka haɗu da inda suka saɓa da na littafi. Haka a karatun Turanci, naɗi muryar yaro yana karanta sakin layi ka kunna mashi, da kanshi zai ji inda ya yi tuntuɓe.

'Yan babbar sakandare kuwa don Allah a taimaka masu, tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta, kuma yaro mai ƙoƙari na iya rikicewa don bai taɓa riƙe maus ba. Ko laftof ɗaya aka aro, a sa kowa ya zauna ya danna A, B, C, D ya wuce tambaya ta gaba ya dawo baya, kuma ka lura 'yan mata su samu layinsu, don maza kan rige su zama.

Ka sanar da hedimasta kafin ka fara, kuma hoton 'ya'yan mutane ba na ɗorawa a Facebook ko TikTok ba ne sai da izinin iyayensu. Saura minti 5 a tashi kashe wayar ka sa a aljihu, ka ba su tambaya sabuwa wadda ba ta cikin abin da suka kalla, misali mi zai faru in aka cire ƙwai ɗaya cikin biyun, kowa ya amsa a 'yar takarda ya miƙo maka a bakin ƙofa, da su za ka shirya darasin gobe.