Yadda ake zana taswirar bututun ruwa daga teku zuwa Riyad da Makka

Ruwan da muke alwala da shi a Makka, mafi yawansa daga Bahar Maliya yake. A Shu'aiba ake cire masa gishiri, sannan a tura shi ta bututu zuwa Makka, Jidda da Ɗa'if. Riyad na sha daga tashoshin cire gishiri na Jubail da Ras al-Khair, tafiyar fiye da kilomita 400. Madina kuma daga Yanbu. Duk wanda aka ba shi aikin zana irin wannan layi, ga inda zai soma.

Kafin ka ja layi ko ɗaya a QGIS, manhajar zana taswira, ka daidaita tsarin lambobin wuri, wato ma'aunin da ake nuna matsayin wuri da shi a taswira. Tsofaffin zanen injiniyoyi a Saudiyya da yawa suna kan ma'aunin Ain el Abd na 1970, GPS ɗinka kuwa yana kan ma'aunin WGS 84. In ka haɗa su ba ka juya ɗaya ba, bututun zai kauce da gomman mitoci, mai haƙa ya je ya tona inda babu komai. Akwai wani tarkon kuma: a tsarin UTM, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya don auna tazara da mita, Jubail tana shiyya ta 39, Riyad ta 38, iyakar tana kan digiri 48 gabas. Ka ajiye bayanan da digiri, ka juya kowane yanki zuwa shiyyarsa lokacin auna tsawo.

Bututun a binne yake, sai alamominsa za ka bi a hoton tauraron ɗan adam: miƙaƙƙiyar hanyar motocin gyara, ƙananan ɗakunan bawul a jere, manyan tankuna, tashoshin famfo. A sahara ta Dahna yashi kan rufe su, don haka ka duba hotunan shekaru daban-daban. Inda ka yi hasashe, ka zana da ɗigo-ɗigo, ka rubuta cewa hasashe ne.

Kowane yanki na layi ya ɗauki faɗin bututu, abin da aka yi shi da shi, inda ruwan ya dosa, da inda ka samo bayanin. Bututu biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, layi biyu ne.

Sai hawa da gangara, wanda shi ne zuciyar aikin. Riyad na kan tudu kusan mita 600, Ɗa'if ta haura 1,600, kuma kowane mita 10 na hawa kusan bar ɗaya ne na matsi (bar ma'aunin matsin ruwa ne). Ka ɗora layin kan bayanan tsayin ƙasa na SRTM, da aka auna daga sararin samaniya a tazarar mita 30-30, ka fitar da zanen hawa da gangarar layin. A ƙololuwa ya kamata ka ga bawul ɗin fitar da iska, a kwari na zubar da ruwa. In ba su dace ba, layinka ne ya karkace. A tsaunukan Sarawat, inda bututu ke bi ta ramin dutse, SRTM saman dutsen zai ba ka. Nan dole ka gyara da hannu.

Kada ka kusanci tasha da kyamara ko jirgi maras matuƙi ba da izini a rubuce ba, wurare ne masu tsaro.